Jinjina ga Injiniya, Gwanin da Ba Ya Barin Sawu

An daɗe ana tauye wa wani bawan Allah haƙƙinsa a ƙasar nan, kuma lokaci ya yi da za a fito fili a yaba masa. Kowa ya san shi, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ake kira idan shafin biyan kuɗin makaranta ya tsaya, ko manhajar asibiti ta fara aman jajayen rubutu, ko kwamfutocin cibiyar koyon sana'a suka yi yaji gaba ɗaya. Yakan iso da jaka a kafaɗa, ya ce a ɗan ba shi wuri, ya karkata allon yadda na bayansa ba zai hango ba, ya taɓa nan ya taɓa can, ya miƙe ya ce, "Ya tashi." In aka tambaye shi abin da ya faru, sai ya yi murmushi ya ce, "Wani ɗan abu ne." Daga Gusau zuwa Talatar Mafara, daga Anka zuwa Gummi, Injiniya ake ce masa. Ranka ya daɗe, yau taka ce.

Mahassada suna cewa wai ba ya rubuta abin da ya gyara. Gaskiya ne, ba ya rubutawa, kuma a nan gwanintar take.

Wanda bai taɓa shiga harkar ba yana buƙatar ɗan bayani, don ya san girman mutumin da ake magana a kansa. Mai ƙera manhaja yana aiki ne a cikin edita, wato allon da ake rubuta kod a kai. Wasu Vim suke riƙe da shi, wasu Emacs, yawancin yaran yanzu kuma VS Code na kamfanin Microsoft. Idan kod ya ƙi yin abin da aka sa shi, akwai wata manhaja daban mai farautar kuskure, ana ce mata dibaga. Aikinta ta cafke shirin yana cikin gudu, ta tsayar da shi cak a layin da ka ɗora wa alama, ta buɗe maka cikinsa ka ga abin da kowace ma'ajiya ke ɗauke da shi a wannan daƙiƙar. Ka ce ta matsa layi ɗaya, ka sake leƙawa. Ta ƙara matsawa, ka sake leƙawa. A haka har ka ga da idonka layin da kuɗin rajistar ɗalibi ya shiga da lamba ya fito sifili. Tsohuwar cikinsu da har yau ake ji da ita ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Masu rubutu da yaren PHP, wanda shafukan makarantu da yawa ke zaune a kansa, Xdebug suka sani, ta Derick Rethans, tun 2002.

Sai dai edita da dibaga ba sa jin maganar juna kai tsaye. Dole a sa musu ɗan maƙale a tsakani, wata 'yar manhaja da ake liƙa wa edita ta riƙa kai saƙo tana kawowa. A cikin ukun shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Galibi mutum ɗaya ne ya rubuta shi da dare bayan ya taso daga aiki, ya sake shi kyauta, kuma duk ranar da ɗaya daga cikin manyan biyu ya sauya hali, shi ke fara karyewa. Karyewar nan tasa ita ce gonar Injiniya, da ita yake ci da iyali.

A duba abin da ya faru a Nuwamban 2020, lokacin da Xdebug 3 ta fito. Shekara da shekaru Xdebug tana neman edita ta ƙofa mai lamba 9000, ɗan maƙalen yana bayan ƙofar yana jira. To amma wata manhajar, PHP-FPM, ita ma wannan ƙofar ta saba bi, ana ta cin karo, don haka aka mayar da ta Xdebug 9003. Aka kuma sauya sunayen saituna: inda da ake rubuta xdebug.remote_enable, yanzu xdebug.mode=debug ne; xdebug.remote_port ya koma xdebug.client_port. Duk wanda ya sabunta manhajarsa bai sani ba, ya danna maɓalli, edita ya ce yana jira, ya yi ta jira har ya gaji ya haƙura. Ba jan rubutu, ba ƙara, ba komai. Baƙo na ta kwaɗa sallama a ƙofa ta 9003, maigida ya shimfiɗa tabarma a ta 9000 yana mamakin abin da ya hana shi zuwa.

Shi Derick Rethans, da yake bai kai Injiniya wayo ba, sai ya zauna ya rubuta jagorar sauyin, ga tsohon suna ga sabo, ya ajiye inda kowa zai karanta kyauta. Injiniya ya karanta da dare. Gari na wayewa ya shigo cibiya da jajayen idanu kamar wanda ya kwana yana dambe da aljanu, ya goge sifili ɗaya ya sa uku, ya gyara layi biyu, abu ya tashi. Shugaban cibiya ya tambaya, ya ce, "Yallaɓai, sai da na shiga can ciki." Sauran kwamfutocin ɗakin kuwa bai taɓa su ba. Ya bari kowace ta kawo kukanta a ranarta, a kira shi, a ba shi kuɗin mai, ya karkata allo, ya sake shiga can ciki. Da ya rubuta layi ukun nan a takarda ya manna a bango, da ƙaramin ɗalibi ma ya gama da ɗakin kafin azahar, da kuma Injiniya ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Wane mai hankali ne zai yi haka? Jami'o'inmu na koyar da tattalin arziki shekara huɗu, ba su yaye wanda ya fahimce shi kamar wannan mutumin ba.

Kada a ce kwata-kwata ba ya rubutu, wannan ƙazafi ne. Git, rumbun ajiyar sauye-sauyen kod da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yakan nemi mutum ya faɗi abin da ya canja kafin ya adana. Injiniya yana faɗa. Ka buɗe tarihin aikinsa ka sha adabi: "gyara." Na biye da shi: "gyara 2." Sai "gyara na ƙarshe." Sai "na ƙarshe wallahi." Sai wani da ɗigo ɗaya tak. Malaman balaga sun daɗe suna yabon taƙaita magana, amma ban ji wanda ya kai ta inda Injiniya ya kai ta ba, inda aikin mako uku ya dunƙule ya zama ɗigo. Wanda ya gaje shi zai zauna gaban wannan ɗigon yana tunani mai zurfi, kuma tunani ai ibada ne.

Ga shi da rufin asiri, halin da iyaye suka hore mu da shi. Wasu marasa kunya idan shirinsu ya gamu da kuskure sukan bar shi ya yi ihu, ya faɗi fayil, ya faɗi layi, ya tona komai a gaban jama'a. Injiniya ba ya yarda a ci mutuncin manhajarsa. Yakan lulluɓe wurin da umarnin da ke cewa a gwada, in ya ƙi a yi shiru a wuce. Jan rubutu ya ɓace, shugaba ya yi murna, an sa hannu a takardar biya. Kuskuren yana nan daram, yana cin sunan ɗalibi ɗaya a nan, lambar mara lafiya ɗaya a can, amma cikin ladabi, ba mai ji. Ranar da abin zai fito, wata shida sun wuce, ba wanda zai danganta shi da Injiniya, sai a ce ma'aikaciyar da ke shigar da bayanai ce ba ta iya aiki ba.

In kuwa ɗan maƙalen ya karye karyewar da ta fi ƙarfinsa, nan ma yana da mafita. Sai ya sanar da yara cewa gwanaye na ainihi ba sa amfani da dibaga, ta ragwaye ce. Ya bi kod yana dasa saƙonni: "nan 1", "nan 2", "ya iso", "ya iso kuwa?" Wani lokaci yakan manta bai cire ba, mahaifi ya biya kuɗin makaranta a ba shi rasit, a ƙasa an rubuta "nan 7". Sa hannun gwani ke nan. Wasu ma'aikatan har sun ɗauka lambar sirri ce ta hana jabu.

Don a gane darajarsa sosai, sai an jera shi da waɗanda Allah bai ba su irin basirarsa ba. Ga Bram Moolenaar, mutumin Holan da ya fitar da Vim a 1991. Sama da shekara talatin yana kula da editan nan, kuma ya ɗauki wata ɗabi'a mai ban tausayi: duk abin da aka ƙara sai an rubuta bayaninsa a cikin editan kansa, yadda mutum zai buga :help ya karanta ba tare da ya roƙi kowa ba. Da aka saka wa Vim 8.1 nasa ɗan maƙalen na GDB a 2018, mai suna Termdebug, da bayaninsa ya zo, har da misalin da za ka bi mataki-mataki. Kuɗin da masu jin daɗin aikin suka so ba shi ma cewa ya yi a kai wa yara marayu a Kibaale ta ƙasar Yuganda. To me ya samu? Ya rasu ran 3 ga Agustan 2023, kuma a farkon Janairun 2024 waɗanda suka gaje shi suka fitar da Vim 9.1, aiki bai tsaya ba. Dubi wannan asara. Mutum ya mutu amma abin da ya gina ya ci gaba da tafiya. Injiniya ba zai taɓa yarda a yi masa haka ba. Ranar da ya yi zazzaɓi ma sai ofis ya sani.

Cutar rubutun nan tsohuwa ce. A Satumban 1947 masu kula da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard suka ciro wani ƙwaro da ya maƙale a cikin injin, maimakon su yar su yi shiru, sai suka manna shi a kundin aiki suka rubuta lokaci, kundin yana gidan tarihi a Washintan har yau. Mu ma nan ba mu tsira ba. Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun cika duniya da littattafai, Bello har kan magunguna ya yi rubutu, almajirai kuma suka bi gefen takardu da hashiya suna fayyace abin da ya shige duhu. Ga shi nan shekara ɗari biyu kowane ɗalibi na buɗewa yana ƙaruwa, ba ya biyan su ko anini.

Mutanen Zamfara sun ga ranar Injiniya a 2021. A farkon Satumba aka rufe layukan waya da intanet a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. A watannin nan, yaron da ke koyon kod a Anka ko Gummi ba shi da wurin tambaya sai abin da ke cikin kwamfutarsa. Mai Vim ya buga :help ya ci gaba da karatunsa, abin ba daɗin gani. Wanda kuwa ya dogara da manhajar da Injiniya ya haɗa, ya buɗe fayil ɗin README, inda ake rubuta yadda manhaja ke aiki, ya tarar da sunan manhajar da kalma ɗaya a ƙasa, "bayani", sai fili fetal. Waya ba ta shiga, hanya ba ta biyuwa yadda aka ga dama. Nan ne jama'a suka san cewa ilimi yana da mazauni, kuma mazaunin nan yana cikin kan mutum ɗaya, shi kuma yana wata jiha yana jiran a buɗe layi.

Na san abin da zai ce, don yakan faɗa: "Kod ne fa kawai, ba ran mutum ba." Haka wani yayansa a sana'a ya ɗauka. Tsakanin 1985 da 1987, injin gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin Kanada, ya zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima, wasunsu suka mutu. A garin Tyler na jihar Texas ta Amurka, a 1986, abin da injin ya nuna wa mai sarrafa shi kawai shi ne matsala mai lamba 54, littafin jagorar kuma bai fayyace ma'anarta ba. Ma'aikaciyar ta danna a ci gaba, kamar yadda aka saba. Mutum ɗaya ne ya rubuta manhajar, bayanin da ya bari kaɗan ne, kuma da aka je kotu lauyoyi sun nemi sanin ko wane ne shi da irin karatunsa, ba su samu ba. Ka ji cikakken gwani. Ko sawunsa ba a gani ba.

Allah Ya taimaki mutanen ƙauyen Tungar Guru a Zamfara, waɗanda suka zo musu a 2010 ba almajiran Injiniya ba ne. A Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau suka sami labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka: amai, ciwon ciki, sai jijjiga. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na ƙwayoyin cuta, yara ba su daina mutuwa ba. A makarantar Injiniya nan ne ake lulluɓe abu a ce an gyara. Su kuwa sai suka tsayar da komai suka leƙa ciki. Aka ɗebi jini aka aika Jamus, amsa ta dawo: dalma ce. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane suna kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, duwatsun kuwa cike da dalma, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Da jami'an hukumar CDC ta Amurka da na Najeriya suka bi Dareta da 'Yargalma gida-gida, suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga ciki sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai wajen 400. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Su ma na'urarsu ta gaza musu, kamar yadda ɗan maƙale ke gazawa. Ƙaramin injin auna dalma a jini da suka zo da shi, LeadCare II, iyakarsa 65. Abin da ya haura haka ba ya ba da lamba, sai dai ya nuna ya yi sama. A lokacin, 10 ma abin damuwa ne, 45 kuma ana fara ba da maganin fitar da dalma, ga shi yaran da yawa sun zarce inda injin ke iya gani, likita kuwa yana buƙatar lamba kafin ya san irin jinyar da zai yi. Sai suka samo dabarar sirka samfurin jinin bisa ma'auni, a auna, a ninka. A nan ne suka nuna ba su da rabo a sana'ar Injiniya. Maimakon mai dabarar ya riƙe ta a ka, a riƙa aiko masa mota daga Anka duk lokacin da injin ya ce ya yi sama, sai suka raba samfura biyu, suka aika rabi ɗakin gwaji a Atlanta don a tabbatar dabarar ba ta ƙarya, suka rubuta ta dalla-dalla, aka buga a mujallar kimiyya a 2014.

Haka aka yi da ƙasa. Masana muhalli na TerraGraphics da Blacksmith Institute, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da mutanen garuruwan kansu, suka fara da Dareta da 'Yargalma kafin damina ta yi ƙarfi, sannan daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka shiga Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza. Kowane gida sai an zana taswirarsa, a ɗora wa ƙasa na'urar hannu mai faɗin yawan dalma, a rubuta lambar tsakar gida, ta ɗaki, ta bakin murhu. A kankare saman ƙasar da fartanya, a zuba a buhu, a sake aunawa, a sake rubutawa, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin gwamnatin tarayya su fito, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun ɗauki alƙaluman da aka rubuta sun yi ta buga wa hukuma ƙofa da su. A ƙarshe gidaje da wuraren niƙa 820 aka tsabtace a garuruwa takwas. Da irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja a 2015, ba a fara lalube daga farko ba, akwai abin buɗewa a karanta. A farkon 2022 kuma MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara ta janye daga shi.

Ka ga aikin marasa dabara. Sun zo, sun gano, sun koya wa 'yan gari, sun rubuta, har suka mayar da kansu waɗanda za a iya yi ba su. Da Injiniya aka ba kwangilar, da har yau ana kiran sa, da ya gina bene a Gusau, kuma da ba wanda ya isa ya ce ga abin da ke kashe yara, tunda amsar na nan a wurinsa: wani ɗan abu ne.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da asibitoci da cibiyoyin da Allah Ya azurta da irin wannan gwani, ku riƙe shi hannu bibbiyu. Kada ku dame shi da maganar takardar miƙa aiki, kada ku haɗa shi da yaro mai yawan tambaya. Ku sa masa gidan sauro, ku riƙa ɗanɗana abincinsa kafin ya ci. Kada ku bar shi ya hau hanyar Anka da yamma. In ya nemi hutun aure ku ba shi haƙuri, in wani kamfani a Abuja ya yi masa tayi ku ninka. Kujerar Hajji kuwa, ko kyauta aka ba shi ku roƙe shi ya dakata tukuna, domin albashin ma'aikatanku da sakamakon ɗalibanku da sunayen marasa lafiyarku duk suna cikin kansa, kuma ba ku da kwafi.